Anya kuwa bana za mu ga dusar ƙanƙara ta kirki?

Abban Hanif (Sheffield): Assalamu alaikum jama'a. Nuwamba ta raba, jaridu sun soma shelarsu ta kowace shekara wai dusar ƙanƙara za ta binne Birtaniya nan da mako biyu. Na duba taswirar iska da asuba, babu komai a tafe sai ruwa da iskar kudu maso yamma da muka saba. Duk da haka ban cire rai ba. Wace dusa ce ta fi tsaya muku a rai tun zuwanku ƙasar nan? Kuma kuna ganin bana za mu samu ta kirki? Ba wadda ke zuba cikin dare ta narke kafin a kai yara makaranta nake nufi ba. Wadda za ta kwana, ta wuni, ta sake kwana.

Ɗalibar Coventry: Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Satumba na zo, ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Duk sanda Umma ta kira, tambayarta ta farko ita ce ko ta sauka. Don Allah ku faɗa mini gaskiya, ana samunta a Coventry?

Baba Alhaji (Landan): 'Yata, ana samu, sai dai ba kowace shekara ba, kuma ba ta daɗewa. Mu da muka jima a Landan, guda biyu ne ba ma mantawa. Ta Fabrairun 1991, wadda ta zo busasshiya ta riƙa shiga injinan jiragen ƙasa tana kashe su. Sai ta Litinin 2 ga Fabrairun 2009. Ranar nan aka janye duk bas-bas na Landan daga kan titi, ko ɗaya bai fita da safe ba. Ku da kuka san garin nan kun san ba ƙaramin abu ba ne. Na fita sayen burodi na tarar da titinmu ba mota ko ɗaya da ke motsi, manya da yara sun fito suna jifar juna da dunƙule. Maƙwabcin da muka yi shekaru iyakarmu ɗaga hannu, ranar ya tsaya muka yi hira har ya karɓi sheburina ya share mini ƙofa.

Amma tsofaffin Turawan unguwa in kana ba su wannan labari sai su ce ba ka ga komai ba, sai 1963. Ta fara sauka washegarin Kirsimetin 1962, ba ta saki ƙasar ba sai farkon Maris. Teku da kansa ya daskare a bakin Herne Bay da ke Kent. Zagaye na uku na gasar cin kofin FA sai da ya ci kwana 66 kafin a kammala shi, saboda filayen wasa duk sun zama ƙanƙara.

Anti Glasgow: Baba, Allah ya ƙara girma, ku na kudu in santimita goma ta sauka sai duniya ta ji. Ni 2010 ce tawa. Tun ƙarshen Nuwamba ta fara, ba ta narke ba wata ta hau kanta. Ranar Litinin 6 ga Disamba da safe, daidai lokacin fita aiki, ta sauko da ƙarfi tsakanin Glasgow da Edinburgh, ɗaruruwan motoci suka maƙale a babbar hanyar M8, mutane suka kwana a ciki. Cikin makon nan ministan sufuri na Sikotland, Stewart Stevenson, ya ajiye aiki a kan lamarin. A Altnaharra can arewa sanyi ya kai digiri 21.3 ƙasa da sifili. Ina tuna yadda numfashi ke daskarewa a jikin mayafina kafin in kai tashar bas. Wahala an sha ta, amma wallahi ban taɓa ganin garin nan ya yi kyau irin na watan nan ba. Glasgow da kullum take jiƙe, baƙa ƙirin, sai ga ta fara fat, rana na haskawa a kai.

Abban Hanif (Sheffield): Anti kin taɓo inda nake so. Disambar 2010 ita ce Disamba mafi sanyi da hukumar yanayi ta Met Office ta rubuta wa ƙasar baki ɗaya cikin shekara ɗari. Ranar Asabar 18 ga watan ta rufe filin jirgin sama na Heathrow, dubban matafiya suka kwana a ƙasa ana dab da Kirsimeti. Akwai hoton tauraron ɗan'adam na 7 ga Janairun 2010 da ya nuna tsibirin nan gaba ɗaya fari, daga Cornwall har ƙuryar Sikotland. Ƙanwata ta Coventry, nemi hoton nan ki tura wa Umma.

Ɗalibar Coventry: Na gani, Masha Allah! To amma Yaya abin da ya ɗaure mini kai, ƙawata tana karatu a Mosko, tun yanzu suna cikin dusa. Na duba taswira na ga Glasgow da Mosko kusan layi ɗaya suke. Me ya sa su suke samu wata da watanni, mu kuwa sai an yi ta addu'a?

Abban Hanif (Sheffield): Teku ne ya raba mu da su. Yawancin iskar da ke zo mana daga kudu maso yamma take tasowa, ta ratso Atlantika, kuma ruwan da ke yammacinmu yana da ɗumi saboda igiyar da ke kwararowa daga wajen tekun Meziko. Kafin iskar ta iso ta riga ta ɗumama ta kuma sha laima, sai ta zubo mana da ruwa a digiri 7 ko 8. Mosko tana can tsakiyar tudu, ba tekun da zai sassauta mata. Dubi Calgary ta Kanada ma, kusan layi ɗaya da Landan, amma sanyinsu ba a haɗa shi da namu.

Kafin mu samu dusa ta gaske sai an tare wa iskar Atlantika hanya. Wato babban matsin iska ya zauna a kan Sikandinebiya ko Girinlan ya ƙi motsi. In a Sikandinebiya ya zauna, iska ta juyo daga gabas, ta taso daga Rasha a bushe da tsananin sanyi, ta haye Tekun Arewa ta ɗebi laima, ta juye ta a gabashin ƙasar: Kent, Norfolk, Lincolnshire, Yorkshire, Newcastle. In a Girinlan ne, daga arewa za ta zo, su Aberdeen su kwashi rabonsu. Ku na tsakiya irin Coventry da Birmingham kun fi samun mai yawa idan hadarin Atlantika ya zo ya ci karo da sanyin da ya riga ya zauna. A nan digiri ɗaya kacal ke raba dusa da ruwa. Shi ya sa za ki ji an yi gargaɗi da dare, ki tashi ki ga caɓi.

Baban Biyu (Southampton): Ai mu nan bakin tekun kudu mun fi kowa sanin wannan caɓin. Rabonmu da dusa mai kauri tun Maris ɗin 2018. 'Yan biyuna suna goye a lokacin, yanzu sun yi wayo, suna ganinta a littafin makaranta suna tambayata yaushe za su gina mutum da ita. Abin yana taɓa ni. A nan aka haife su, amma abin da aka san ƙasar da shi a hoto bai taɓa zama a ƙofar gidansu ya wuni ba.

Ɗan Aberdeen: 2018 kam ta kowa ce, har Cornwall da Devon sai da ta kai. Malam Abban Hanif, yi wa sababbin zuwa bayanin abin da ya jawo ta, na san kai ka bibiye ta tun daga tushe.

Abban Hanif (Sheffield): Can sama sosai, wajen kilomita 30 a kan ƙuryar arewacin duniya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kewayawa duk lokacin sanyi, ita ke tsare sanyin a wurinsa. Wani lokaci sararin nan yakan yi zafi farat ɗaya, ya tashi da kusan digiri 50 cikin 'yan kwanaki, sai kewayen ya raunana ko ma ya juya baya. Bayan mako biyu zuwa uku tasirin yakan sauko inda muke. Haka ta faru wajen 12 ga Fabrairun 2018. Mu masu bin abin muka yi ta ƙirga kwanaki, kuma kafin watan ya ƙare iskar Siberiya ta iso, wadda jaridu suka yi wa laƙabi da Dodon Gabas. Ranar 28 aka ba tsakiyar Sikotland jan gargaɗi, mafi girman mataki, motoci kusan dubu suka kwana a babbar hanyar M80. Washegari guguwar Emma ta taso daga kudu ta haɗu da sanyin, aka sake ba kudu maso yammacin Ingila da kudancin Wales jan gargaɗi. Dusar nan ba irin jiƙaƙƙiyar da muka saba ba ce. Busasshiya ce kamar garin da aka tankaɗe, ba ta dunƙuluwa a hannu, iska na kwasarta tana tarawa a jikin katanga har ta wuce tsayin mutum.

Sai dai kada a ɗauka duk sanda sama ta yi haka za mu samu. An sake yi a Janairun 2019, muka zuba ido, sanyin bai zo mana da wani ƙarfi ba. Ranar 26 ga Fabrairun shekarar ma zafi ya kai digiri 21.2 a Kew Gardens da ke Landan, mutane na yawo da 'yar shara, shekara guda cif bayan Dodon.

Maman Ikram (Leeds): Ina ta karantawa na yi shiru, amma gaskiya ba zan iya ci gaba da shirun ba. Ku yi haƙuri 'yan'uwa. Ku da ke aiki daga gida da kwamfuta kuna iya zama bakin taga da shayi kuna yaba kyau. Ni gida-gida nake bi ina kula da tsofaffi. A 2018 motata ta kasa hawa tudun unguwar da nake aiki, da ƙafa na ƙarasa cikin duhu, domin in ban je ba akwai tsohuwar da ba mai ba ta magani, ba mai tayar da ita daga gado. Na shiga gidan da boila ta mutu, dattijo na zaune da riguna a jere a jikinsa yana rawar ɗari. Ranar 1 ga Maris ɗin nan har gargaɗi aka fitar cewa iskar gas na iya kasa isar ƙasar. Da ta narke kuma bututu suka fashe, dubban gidaje a Landan suka rasa ruwa. Wannan ce dusar da na sani. In na ji ana roƙonta gabana faɗuwa yake.

Malam Direba (Birmingham): Hajiya kin faɗi abin da ke raina. Mu masu kai kaya, ranar dusa ko ka fita ka saka ranka a haɗari, ko ka zauna ba ko kwabo. Gishiri manyan tituna ake watsa wa, lungunan unguwa ba mai bi ta kansu, kuma a lungun ne gidajen da muke kai kaya suke. Ita dusar ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne in ta narke da rana ta daskare da dare, kwalta ta yi sulɓin da ido ba ya gani. A Maris ɗin 2023 ma mutane sun kwana a M62, wajen da hanyar ta hau mita 372 tsakanin Manchester da Leeds.

Sannan kada mu manta da Disambar 2022. Daren da Landan ke murnar dusa, ranar 11 ga wata, a ranar ne yara maza huɗu suka faɗa tafkin Babbs Mill da ke nan Solihull kusa da mu, ƙanƙarar da suka taka ta fashe da su. Dukansu sun rasu. Har yau in na bi ta wajen sai jikina ya yi sanyi.

Anti Glasgow: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tuna. Iyaye, don Allah ku ja wa yara kunne tun yanzu: ba a taka tafki ko kududdufi ko magudanar jirgin ruwa komai daskarewarsa. Sanyin ƙasar nan ba ya daɗewar da ƙanƙara za ta yi kaurin ɗaukar mutum.

Abban Hanif (Sheffield): Allah ya ba iyayensu haƙuri. Maman Ikram, maganarki gaskiya ce, ba ni da abin musu a ciki, kuma Allah ya saka miki da alheri a kan tsofaffin nan. Abin da zan ce kawai, son da muke yi mata ba son wahalar kowa ba ne. Wata huɗu muke yi a nan cikin duhu da yayyafi, a Disamba rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, bango na tsatsafo da danshi. Mutane da yawa a cikinmu ƙuncin wannan lokaci na damunsu ba sa faɗa. Ranar da dusa ta kwanta, haske ke ninkuwa, har cikin ɗaki. Yaran da suka maƙale a waya su fita da gudu. Ni wannan nake jira.

Maman Ikram (Leeds): Na fahimce ka Malam, kuma ban ce kun yi laifi ba. Ikram ma tana cikin masu addu'ar, kullum da safe sai ta ɗaga labule. Amma lissafin gas ni ke biya. Gwamnati na ba wasu masu karɓar tallafi fam 25 in sanyi ya kai sifili kwana bakwai a jere, mu kuwa da bizar aiki muka zo, a rubuce yake ba mu da haƙƙi a kuɗin tallafi.

Ustaz (Bradford): Bismillah. Ku duka biyun kuna kan hanya. Dusar ƙanƙara tana cikin addu'ar buɗe salla da ta tabbata daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, inda ake roƙon Allah ya wanke mu daga zunubai da dusar ƙanƙara da ruwa da ƙanƙara. Shekaru ina karanta addu'ar nan a gida, sai da na zo Bradford na ga abin da idona, kuma tun ranar nake jin ta daban a bakina. A ɗaya gefen, ya tabbata Ibn Umar ya yi kiran salla a wani dare mai tsananin sanyi ya ce wa mutane su yi salla a masaukansu, ya kuma ce haka Annabi ke umartar ladan. Don haka dattawanmu, ranar da titi ya yi santsi kada a ce dole sai an taka zuwa masallaci da asuba. Karayar ƙugu ga mai shekaru ba wasa ba ce. Mai roƙo kuma ya roƙi mai amfani, yadda aka koya mana a addu'ar ruwan sama.

Baba Alhaji (Landan): Allah ya saka, Ustaz. Ni da nake da ciwon gwiwa na karɓi wannan sassauci hannu biyu. Amma ina da tambaya ga masu ilimin. Ana ta cewa duniya na ɗumama, to ba a 2021 aka ce sanyi ya kai 23 ƙasa da sifili a wajenku ba, Ɗan Aberdeen?

Ɗan Aberdeen: Haka ne Baba, a Braemar, daren 11 ga Fabrairun 2021, kuma rabon ƙasar da irinsa tun 1995. Amma dare ɗaya ne. Sanyi mai tsanani bai daina zuwa ba, zuwan nasa ne ya ragu, in ya zo kuma ba ya zama. Ku dubi ɗaya ɓangaren: 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai 40.3 a Coningsby, karon farko da aka haye 40 a ƙasar nan, kuma shekarar ce ta farko da matsakaicin zafin Birtaniya ya wuce digiri 10.

Abin da ya fi taɓa ni yana nan kusa da mu. A kan dutsen Braeriach, na uku a tsayi a Birtaniya, akwai wani ɗan fegin dusa a cikin kwarin da rana ba ta cika shiga ba, ana kiransa Sphinx. An san shi da ƙetare bazara har sabuwar dusa ta sauka a kansa. A ƙarni na 20 gaba ɗaya sau uku ya narke ƙurmus: 1933, 1959 da 1996. Daga nan sai 2003, 2006, 2017, 2018, sannan ya jera 2021, 2022, 2023 da 2024. Akwai masu hawa dutsen kowace kaka don kawai su auna abin da ya rage. Abokan aikina 'yan asalin nan suna cewa suna yara har Afrilu ake wasan zamiya a Glenshee ba fargaba, yanzu wuraren sai sun haɗa da injin yin dusa.

Baban Biyu (Southampton): Wannan ne tsorona. Kada ya zama 2010 da muke ba da labari ita ce 1963 ɗin 'ya'yanmu.

Ɗalibar Coventry: Jikina ya ɗan yi sanyi. Ni da na sa rai zan gan ta a hutun Kirsimeti.

Abban Hanif (Sheffield): Kada ki karaya, amma ki matsar da ranki gaba kaɗan. A ƙasar nan Janairu da Fabrairu sun fi Disamba dusa, Maris ma yakan ba da mamaki. A 2013 ƙarshen Maris ta zo ta binne dubban tumaki a Wales da Ireland ta Arewa, tsibirin Arran ya yi kwanaki ba wuta. In kin ji Met Office ta ce an yi farar Kirsimeti, ƙwaya ɗaya ta faɗo a wani wuri cikin awa 24 na ranar ya wadatar a wajensu. Rabon da a wayi gari ranar da dusa kwance a mafi yawan ƙasar tun 2010, lokacin da tashoshi 83 cikin ɗari suka ba da rahotonta. Bana azumi a Fabrairu zai kama, ba mamaki mu yi sahur muna kallonta.

Shawarata, ki daina karanta kanun jaridun da ke sa ranar zuwanta tun saura mako uku. Suna ɗaukar taswira ɗaya ce daga na'urar hasashen Amurka, wadda ake sabuntawa sau huɗu a rana, bayan awa shida ta canza magana. Abin da ya wuce kwana biyar zuwa bakwai, alama ce kawai. In kin ga hasashen cibiyar Turai da ke Reading da na Met Office sun yi ta nuna matsin iska a Sikandinebiya kwana bayan kwana, to a fara shiri.

In kuma ta ƙi zuwa Coventry, ke sai ki zo mata. Duk mita 100 da aka hau, sanyi na ƙaruwa da fiye da rabin digiri, shi ya sa ruwan da ke zuba a tsakiyar Sheffield dusa ne a kan tuddan Peak District. Jirgin ƙasa daga nan zuwa Edale bai fi rabin awa da 'yan mintuna ba, ga Mam Tor mai mita 517 a gabanki. Ki zo da ƙawayenki, Maman Hanif za ta karɓe ku. Baban Biyu, kai ma kawo yaran.

Baban Biyu (Southampton): In sha Allah. Ka yi mini magana kwana biyu kafin, zan nemi hutu.

Malam Direba (Birmingham): Duk mai tuƙi zuwa can, ya tashi mota da giya ta biyu, kada ya danna birki da ƙarfi, ya bar tazara ninki goma ta kullum. Bargo, ruwa, dabino, cajar waya da ƙaramin shebur su zauna a but. A share dusar kan rufin mota ma, ba gilashi kaɗai ba. Ɗaliba, takalmi mai haƙora a ƙasa za ki saya, riguna marasa nauyi uku sun fi ƙatuwa ɗaya.

Maman Ikram (Leeds): To tunda kun dage, ga tawa buƙatar. Abban Hanif, kai da kake ganin abin tun daga nesa, ka riƙa sanar da mu nan da wuri, in samu in sayo wa tsofaffina burodi da madara in kuma karɓo musu magani kafin shaguna su yi wayam. Sannan masu manyan motoci a Leeds da Bradford, akwai 'yan'uwa mata da ke aikin dare a asibiti da gidajen kula da tsofaffi, ba su da mota, bas kuma tsayawa yake yi. Wa zai iya kai su?

Ustaz (Bradford): A sa sunana. Zan kuma yi sanarwa bayan Juma'a.

Malam Direba (Birmingham): Ni na yi nisa da ku, amma akwai irinsu a nan. Na ɗauki Birmingham da Solihull. Wa ke Manchester?